Wace bindigar ɗuri ta zamani ce za ta yi mini farautar barewa a Ohio da ta elk a Colorado?

Ɗan_Gwarzo_Columbus

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina bin wani abokin aikina farautar barewa a kudu maso gabashin jihar Ohio, da bindigar aro nake fita, bana kuwa na ƙuduri aniyar mallakar tawa. Abin da ya ja hankalina shi ne kwanaki huɗun nan da jihar take warewa a farkon watan Janairu domin masu bindigar da ake ɗurawa ta baki, saboda a lokacin mafarauta sun ragu a daji, ni ma aiki yana ɗan sassauta mini. Na shiga shago na tarar da irin na zamani da suke kira inline jere, daga na kamfanin CVA zuwa na Traditions zuwa na Knight, har kaina ya ɗaure. Kuɗin da na ware bai wuce dala 500 ba. Sannan ina da burin nan da shekara biyu ko uku in je Colorado neman elk, wato wata irin babbar barewa mai rassan ƙaho, kuma ba na son in sayi bindiga sau biyu. Shin guda ɗaya za ta iya ɗaukar ayyukan biyu? Mai faɗin baki .50, wato rabin inci, zan ɗauka ko .45? Mai karyewa a tsakiya ko mai sakata? Waɗanda suka riga ni a wannan harka su taimaka mini da shawara.

Sarkin_Baka_Denver

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Gwarzo. Kafin ka sake komawa shago, ka fara karanta littafin dokokin farauta na jihohin biyu, domin doka ce za ta zaɓa maka rabin bindigar. Ohio tana da sauƙi: faɗin baki daga .38 zuwa sama ya wadatar, kuma ba a hana ka ɗaura madubin hange ba. Colorado kuwa wata duniya ce. A lokacin bindigar ɗuri da ake yi a watan Satumba, ba a yarda da madubi ba, sai saitin ƙarfe. Ba a yarda da albarushin da aka cura dunƙule-dunƙule ba, sai gari wanda za ka auna da hannunka. Ba a kuma yarda da harsashi mai rigar roba ba, wanda suke kira sabot. Ga elk kuma, mafi ƙanƙantar faɗin baki da aka amince da shi shi ne .50. Ka ga ke nan tambayarka ta .45 ta amsa kanta, muddin da gaske kake maganar Colorado.

Saboda haka, i, bindiga ɗaya za ta yi, amma da sharaɗi: ta zama .50, ta zo da saitin ƙarfe ko aƙalla da ramukan ɗaura shi, domin da yawa a yanzu ana sayar da su da madubi kaɗai babu saitin gaba. Wannan shi ne kuskuren da na fi ganin baƙi suna zuwa da shi. Ka kuma sani takardar izinin elk ta wannan lokaci ta hanyar ƙuri'a ake samunta, ana rufe karɓar buƙata a farkon Afrilu, kuma wanda bai dace ba yana tara maki na shekara mai zuwa. Idan nan da shekara uku kake so, bana ya kamata ka fara nema.

BabanKhalifa_MN

Na yarda da Baba Sarkin Baka a kan .50, amma ina ganin bai kamata elk ɗin da ba a kai ga samun takardarsa ba ya hana mutum jin daɗin barewar da ke bayan gidansa. Ni a Minnesota nake, CVA Wolf gare ni, mai bututu inci 24, ƙasa da dala 300 na saye ta, kuma shekara biyar ke nan ba ta kunyata ni ba. Dunƙule biyu na albarushin Triple Seven nake jefawa, kowanne giren 50 (giren shi ne ma'aunin albarushi da harsashi), in ɗora harsashi mai giren 250 a cikin rigarsa ta roba, shi ke nan. A sanyin Disamba na nan, lokacin da yatsu suka sandare, wanda ya taɓa ƙoƙarin auna gari ya san darajar dunƙule. Tun da jiharmu ta buɗe wa kowa amfani da madubi a 2017 na ɗaura nawa, ban kuma cire shi ba.

Injiniya_Damagaram

Bari in ɗan yi bayanin abin da sunan yake nufi, domin shi zai warware maganar mai karyewa da mai sakata. A tsofaffin bindigogin ɗuri, wuta daga gefe take shiga, ta bi wata ƙaramar hanya mai kwana kafin ta isa ga albarushi, shi ya sa danshi kaɗan yake kashe ta. A irin na zamani, ƙwayar tayar da wuta tana zaune daidai bayan albarushin, a layi ɗaya da bututu, wutar ta wuce kai tsaye ta cikin matoshin gindi. Tony Knight ne ya yaɗa wannan tsari da bindigarsa MK-85 a shekarar 1985, daga baya kuma kamfanoni suka koma amfani da ƙwayar harsashin bindigar tsuntsaye mai lamba 209, wadda wutarta ta fi zafi nesa ba kusa ba.

Mai karyewa ta fi dacewa da sabon shiga: ka karya ta, ka sa ƙwayar, ka rufe, ƙwayar ta ɓuya daga ruwan sama da ƙanƙara, matoshin kuma a yawancinsu da yatsu ake kwance shi ba sai da sufana ba. Masu sakata na wannan zamani, irin su CVA Paramount da Remington 700 Ultimate, an ƙera su ne domin albarushi mai yawa da harbin nesa, suna da nauyi, kuma kuɗinsu ya zarce abin da ka ware da nisa. Ka duba murɗin da ke cikin bututu ma, a yawancin masu .50 harsashi yana juyi ɗaya a cikin inci 28, kuma wannan murɗin yana riƙe mai rigar roba da kuma mai cika baki, wanda shi ne abin da kake bukata a jihohin biyu.

Zangon_Kumasi

Ku gafarce ni manya, ni ba a Amurka nake ba, amma ina bin maganar da sha'awa. Kakana maharbi ne, da bindigar toka ta maƙera ya yi rayuwarsa, ta baki yake ɗura ta da albarushi da tsumma da dalma. Me ya bambanta wannan da tasa in ban da kyan ƙira? Kuma me ya sa mutanen da suke da bindiga mai harsashi a jere za su koma wa mai harbi ɗaya?

Injiniya_Damagaram

Malam na Zango, asalin aikin ɗaya ne, bambancin a wuri uku yake. Bindigar kakanka cikinta sumul yake, ita kuwa wannan tana da murɗi, shi ne yake juya harsashi ya tafi a miƙe har yadi 150 ko fiye. Na biyu, ƙarfen bututun na masana'anta ne wanda aka san iyakar ƙarfin da zai ɗauka. Na uku, komai da awo ake yinsa. Amsar tambayarka ta biyu kuwa doka ce: jihohi sun ware wa wannan bindiga lokacinta na daban, don haka wanda ya mallake ta ya sami ƙarin kwanakin farauta, a Colorado ma lokacin ya faɗo daidai sa'ad da mazan elk suke kuka suna neman mata.

Tun da an zo nan, akwai gargaɗin da ya wajaba a kan kowa: kada a taɓa zuba albarushin harsashin zamani, marar hayaƙin nan, a cikin waɗannan bindigogi. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, yana fasa bututu ya tafi da hannu ko ido. Baƙin albarushi ko madadinsa da kamfani ya rubuta a littafin bindigar, su kaɗai ake zubawa.

Mai_Taya_Toledo

Ni abin da na ji shi ne Colorado ta hana ƙwayar 209 ma baki ɗaya, sai tsohuwar hula, wato ƙaramin murfin ƙarfen nan mai tayar da wuta. Idan haka ne, ai duk waɗannan da kuke lissafawa ba za su shiga can ba.

Sarkin_Baka_Denver

A'a, Malam Mai Taya, an haɗa maka dokokin jihohi biyu ne. Colorado ta yarda da 209, da ita nake fita kowace shekara da na dace da takarda. Idaho ce ta daɗe tana hana ta a lokacin da ta keɓe wa bindigar ɗuri, shi ya sa kamfanoni suke fitar da wani samfuri na musamman mai amfani da hula domin jihohin arewa maso yamma. Dokokin nan kuma ba a tsaye suke ba: New Mexico ta cire madubi daga 2023, Pennsylvania kuwa lokacinta na bayan Kirsimeti na bindiga mai dutsen ƙyasta wuta ne, inline ba ta shiga. Don haka nake nanata cewa littafin shekarar da za ka fita shi ne hujja, ba abin da aka ji a bakin wani ba, har da ni.

Ɗan_Gwarzo_Columbus

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na tsaya a kan .50 mai karyewa. Abin da ya rage mini shi ne saɓanin Baba Sarkin Baka da Baban Khalifa a kan albarushi. Idan na saba da dunƙule da madubi a Ohio, ranar da Colorado ta kira ni ai sabon koyo zan fara. Shin ba zai fi ba in fara da gari tun yanzu? Kuma wane gari?

Maharbin_Kentucky

Ka fara da gari, wannan ita ce shawarata ba tare da kwana-kwana ba. Dunƙule yana ɗaure ka a kan giren 100 ko 150, alhali sau da yawa bindiga tana fin daidaito a 90 ko 110, kuma ba za ka gane hakan ba sai da gari. Maganar sandarewar yatsu da Baban Khalifa ya kawo gaskiya ce, amma maganinta shi ne ka auna tun a gida ka zuba a ƙananan bututun roba masu murfi, kowanne harbi ɗaya.

Gari uku ne a kasuwa da za ka fi cin karo da su. Pyrodex shi ne tsoho, yana da araha, amma yana da datti kuma yana cin ƙarfe idan aka kwana ba a wanke ba. Triple Seven ya fi shi ƙarfi, da ruwa ake wanke shi, sai dai yana barin wani ƙullutun toka mai tauri a ƙasan bututu, wanda idan ba ka goge tsakanin harbi da harbi ba zai hana harsashi na gaba sauka har kan albarushi. Blackhorn 209 ya fi su tsabta, kana iya harbi da yawa ba ka goge ba, amma yana da tsada, wani lokaci ya yi wuyar samu, yana bukatar ƙwaya mai zafi sosai, kuma wasu bindigogi, ciki har da na CVA, suna da matoshin gindi na daban da aka yi dominsa. Ka kula da wani abu da yake ruɗa sababbi: da mudun awo ake faɗar adadin, ba da sikeli ba. Giren 100 na Blackhorn a mudu bai wuce kimanin 70 a sikeli ba, iyakarsa kuma a irin bindigar da kake nema 120 ne a mudu. Wanda ya ɗora 120 a sikeli ya wuce gona da iri ƙwarai.

BabanKhalifa_MN

Ban musa ba. Sai dai ina tuna wa Malam cewa dala 500 ɗin nan ba ta bindiga kaɗai ba ce. Akwai albarushi, harsasai, ƙwayoyi, mudun awo, kayan wanki, man shafa wa zaren matoshi, da rigar nan mai ruwan lemo da doka ta wajabta. Wanda ya zuba duka kuɗin a kan bututu mai tsada zai rasa na atisaye.

Ummu_Sadiq

Sallama gare ku. Ni da maigidana muke fita a Wisconsin, kuma ina so in ja hankali ga abin da ba a taɓo ba, wato nauyin bindiga da shurinta. Bindiga marar nauyi daɗin ɗauka gare ta a kan tsaunin Colorado, amma idan aka ɗura mata giren 100 da harsashi mai nauyin giren 300 ko 350 irin wanda elk yake bukata, shurin da take yi wa kafaɗa yana sa mutum ya fara runtse ido kafin ya ja kunama, daga nan kuma saiti ya lalace. Na ga wannan a kaina, sai da na sauko zuwa giren 80 na yi wata guda ina atisaye kafin hannuna ya daidaita. Shawarata, Malam, ka ɗaga kowacce a shago ka kai ta kafaɗa da irin rigar sanyin da za ka sa a Janairu, ka ga ko idonka yana faɗawa kan saiti ba tare da ka miƙa wuya ba. Gindin da aka ƙera domin madubi yakan yi tudu, har ya hana kunci sauka daidai saitin ƙarfe, kuma kai duka biyun za ka yi amfani da su.

Sannan batun nisa. Namijin elk yakan kai kilo 300 ko fiye, ya ninka barewar Ohio sau uku, harsashi ɗaya kuma gare ka, sake ɗuri yana cin kusan minti guda ga wanda bai ƙware ba, hayaƙi ma ya rufe maka gani. Da saitin ƙarfe, ni ba na ganin ya dace a wuce yadi 100. Dabbar da aka raunata ta gudu ta mutu a wani kwazazzabo nauyi ce a wuyan maharbi.

Maharbin_Kentucky

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan saitin ƙarfe, amma da madubi a filin gona na sha ɗaukar barewa a yadi 150, kuma ban ga laifin hakan ba ga wanda ya gwada bindigarsa a wannan nisan ya san inda harsashi yake faɗuwa.

Alhaji_Tsohon_Soja

Ina so in ba da labarin abin da ya same ni, domin ya shafi zaɓi. Shekarata ta farko na ɗura bindiga da asuba, na yini ban ga komai ba, da yamma na cire ƙwayar na shigo da ita ɗaki mai ɗumi. Ƙarfe mai sanyi ya yi gumi daga ciki, ban sani ba. Washegari namijin barewa mai rassan ƙaho takwas ya tsaya mini a yadi 60, na ja kunama, ƙwaya ta yi ƙara, albarushi ya yi shiru. Na riƙe ta tana kallon gaba minti guda kamar yadda aka koya mana, domin wani lokaci wutar takan makara, amma babu abin da ya tashi. Laifina ne, ba na bindiga ba. Tun daga ranar, idan ta kwana da ɗuri to a wuri mai sanyi kuma a kulle take kwana, babu ƙwaya a jikinta, bakinta kuma ina manne shi da salatif, wanda iskar harbi take yagewa kafin harsashi ya iso.

Darasin da ya shafi saye shi ne: ka ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki bututun da ba ya saurin tsatsa, ko farin ƙarfe ko wanda aka yi wa baƙin rufin nan na naitiraid. Bututuna na farko, na wani kamfani da ba sai na ambata ba, kwana uku na bar shi ba wanki bayan an tashi daga farauta, na tarar da cikinsa ya yi ƙuraje. Kuma ranar farko da ka ɗura ta daidai, ka yi wa sandar ɗuri alama a daidai bakin bututu. Wannan alamar ce za ta gaya maka ko harsashi ya zauna a kan albarushi, ko kuma ka manta ka yi ɗuri biyu.

Ɗalibi_Mai_Neman_Sani

Tambaya a gefe, amma tana da alaƙa: idan harsashin ya kashe dabbar kafin a iso da wuƙa, naman ya halatta?

Malam_Na_Masallacin_Bronx

Abin da malamai da yawa na baya-bayan nan suka tafi a kai, har da na mazhabar Malikiyya, shi ne ya halatta idan maharbi ya yi bisimilla lokacin harbi kuma harsashin ya huda ya zubar da jini, bisa hadisin Adiyyu ɗan Hatim wanda ya bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da faɗinsa. Idan kuwa ka tarar da ita da sauran rai, wajibi ne ka yanka. Wannan ma yana ƙarfafa maganar Ummu Sadiq: a zaɓi harsashin da yake ratsawa sosai, a kuma harba daga inda aka tabbata.

Mai_Taya_Toledo

Na karɓi gyaran Baba. Wani abin da aka gaya mini kuma shi ne wai irin wannan bindiga ba ta bukatar ko takarda ɗaya, har ta gidan waya ake aiko ta.

Injiniya_Damagaram

Rabin gaskiya ce. Dokar tarayya ba ta lissafa yawancinsu cikin bindigogin da ake cike wa fom 4473 ba, wato takardar da mai sayen bindiga yake cikewa a shago, amma akwai togaciya. Thompson/Center Encore tana bukatar fom domin gangar jikinta tana karɓar bututun harsashin zamani, haka ma Traditions NitroFire da ta fito a 2020, wadda ake sa mata albarushi ta baya a cikin kwanson FireStick, kuma ba kowace jiha ce ta yarda da ita a lokacin bindigar ɗuri ba. Jihohi irin su New Jersey da Illinois suna da nasu sharuɗɗan. Mu da yawancinmu baƙi ne a ƙasar nan, wanda yake zaune da biza ya tabbatar da matsayinsa a wurin lauya ko hukuma kafin ya sayi ko da ƙwaya ɗaya.

Ɗan_Gwarzo_Columbus

Na koma shagon jiya da rigar sanyina kamar yadda Hajiya ta ce. CVA Optima mai bututu inci 26 ta fi zauna mini a kafaɗa, Traditions Pursuit kuma ta fi sauƙin ɗauka, har na tsaya ina jinjina su biyun. Zuciyata ta fi karkata ga Optima mai farin ƙarfe da saitin ƙarfe, in fara da garin Triple Seven, in bar madubi sai baɗi.

BabanKhalifa_MN

Barin madubin ne ban gamsu da shi ba. Barewar Janairu ta sha harbi tun Nuwamba, ba ta fitowa sai gab da magariba, kuma a wannan hasken saitin ƙarfe yana ɓacewa a jikin dabba. Ka ɗaura madubi a Ohio, ka cire shi watanni uku kafin Colorado.

Sarkin_Baka_Denver

Ni kuwa na goyi bayan Malam, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma idon da ya saba da madubi yana shan wuya kafin ya dawo. Amma ko wanne ka zaɓa, kada ka ɗauka harsashin da bindigar wani ta so shi taka za ta so. Faɗin cikin bututu yana ɗan bambanta ko a samfuri ɗaya, shi ya sa masu yin harsashin Thor suke aiko da na gwaji masu girma daban-daban kafin ka saya. Ka nemi fakiti ɗaya na PowerBelt, ɗaya na Federal B.O.R. Lock, ka harba uku-uku a yadi 50 sannan a 100, kana gogewa tsakanin kowane harbi, ka kawo mana hotunan takardun mu gani.

Ummu_Sadiq

Idan za ka yi gwajin, Malam, ka fara da giren 80 kafin ka hau. Akwai wanda ya san filin atisaye kusa da Columbus da yake barin masu bindigar ɗuri su harba har yadi 100? Wasu filayen cikin gini ba sa yarda saboda hayaƙi.